LIKITA MILA NA ZARIYA (1872–1952): WANDA AKA KORA DAGA KANO, YA KOMO MATA DA LITTAFI

 Sa'ad da kwamitin shirya bikin nan na cika shekara hamsin ya ɗora mana nauyin rubuta tarihin wani bawan Allah na dā domin a sa cikin wannan ɗan littafi, dattawan ekklesiya sun kawo sunaye da dama. Waɗansu suka ce Bingham, waɗansu suka ce Likita Stirrett, Bature Mai Magani, da yake mu jikokin mishan ɗin SIM ne. Amma daga bisani shawara ta tsaya a kan mutumin da ba ɗan ɗakinmu ba ne, ma'aikacin CMS ta Anglika, wato Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Dalili kuwa guda ne. Babu tsoho ko tsohuwa a wannan ekklesiya ta Garun Malam da zai durƙusa ya yi addu'a da Hausa, kalmomin mutumin nan ba su fito daga bakinsa ba, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a shekara ta 1872 a garin Honiton, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. A zamanin nan wata farkawa ta shiga tsakanin ɗalibai a Ingila da Amurka, samari da 'yan mata suna ɗaukar alkawari cewa in Allah ya yarda za su kai bishara inda ba ta kai ba tukuna. Mila yana cikin waɗanda abin ya taɓa. Labarin ƙasar Hausa kuwa ya bazu a Ingila ta hannun Kanon Charles Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida yana ba da labarin babban birni mai ganuwa, da marina, da fataken goro, da kasuwa inda ake sayar da mutane kamar yadda ake sayar da tumaki.

Kada wani ya yi tsammani saurayin nan bai san abin da ke jiransa ba. Hanyar ta riga ta ci mutane. John Robinson, ɗan'uwan Kanon ɗin, ya mutu a Lokoja a 1891, abokin aikinsa Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. Namu uku na SIM, wato Gowans da Kent da Bingham, sun sauka Legas ran 4 ga Disamba 1893, da ƙyar shekara ta zagayo biyu daga cikinsu sun kwanta. Thomas Kent ya mutu a Bida. Walter Gowans, wanda mahaifiyarsa ce da addu'arta da nacinta ta ɗora wa Bingham nawayar ƙasar Sudan, ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, ya fito ba lafiya, ya mutu a wani ƙaramin gari da ake kira Girku, kudu da Zariya. A riƙe sunan garin nan, za mu komo kansa.

Abu na fari da ya kamata a yaba wa Mila shi ne, bai yi gaggawar faɗawa ƙasar da bai san bakinta ba. A ƙarshen shekarun 1890 ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, wadda take hannun Turkawa a lokacin, gama a can ne ayarin raƙuman Kano yake sauka bayan ya ƙetare Sahara, akwai kuwa Hausawa fatake da maniyyata. A wurinsu ya zauna yana koyon Hausa. A nan ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Yaron ya cika niyyarsa ya sauke farali, daga baya ya sake haɗuwa da Mila, ya zama masa kamar ɗa, ya zama masa kuma malamin Hausa. Likita sukutum da takardunsa ya zauna gaban yaro ana gyara masa harshe. Mukan tuna da wannan duk sa'ad da muka ga ma'aikacin da ya shekara goma a ƙasar Kano har yanzu sai da tafinta yake wa'azi.

A farkon shekara ta 1900 su biyar suka tashi daga Legas: Bishop Herbert Tugwell shi ne jagora, sai Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa tukuna, sai a 1911 dogo ya iso Kano. Da ƙafa da dawaki da 'yan alaro suka yi ta tafiya, suka haye Kwara a Jebba, suka iso Zariya inda Sarki Kwasau ya karɓe su da sakin fuska. Daga nan suka miƙe arewa. Duk wanda ya fito Zariya zai shiga Kano, ta wannan kudancin ƙasa tamu zai ratsa. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Ƙasar nan da yanzu take kore shar da rani saboda ruwan Tiga, a lokacin ƙura ce da kututturen dawa da zafin rana.

Sarkin Kano a lokacin shi ne Aliyu Babba, wanda Kanawa suke kira Alu. Aka kai baƙin gabansa, suka bayyana cewa su malamai ne da masu magani, suna roƙo a bar su su zauna su koyar, su yi wa marasa lafiya magani. Sarki ya ƙi sam, ya yanka musu 'yan kwanaki su tattara kayansu su bar masa gari. Tun muna makarantar Littafi Mai Tsarki muke jin ana ba da labarin nan sai ka ce Sarki Alu Fir'auna ne. Da muka manyanta muka ga akwai gyara a maganar. Mutumin nan da takobi ya hau gadon sarauta bayan Yaƙin Basasa, bai daɗe da hucewa ba. Ya ji yadda Turawan kamfani suka ci Bida da Ilori a 1897. Ya ji Faransa ta kama Damagaram a 1899, nan arewa da shi. Ran 1 ga Janairu na shekarar nan ta 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ya ce ƙasar duka tasu ce. Ana cikin haka sai ga farar fata biyar a ƙofar fada suna cewa su ba ruwansu da soja. Wane sarki ne zai gaskata? Abin da za mu shaida shi ne, yana da iko ya zub da jininsu a ranar, bai kuwa zubar ba. Ya sallame su da ransu da kayansu.

Suka juyo ta hanyar da suka bi, suka wuce Zariya, suka yada zango a Girku inda akwai 'yan sojan Turawa. A nan atuni ya kama Dudley Ryder, saurayi ne, ya mutu. Ƙaramin gari ɗaya ya karɓi gawar majagaba biyu cikin shekara shida, ɗaya na SIM ɗaya na CMS, ba wanda ya ga mai tuba ko guda a cikinsu. Richardson ya koma gida ba lafiya. Wuta ta cinye bukkokin mishan. Lugga, wanda da ma ransa ya ɓaci da tafiyar da suka yi Kano ba da yardarsa ba, ya sa suka janye. A idon duniya aikin ya watse ke nan. A 1902 sai ga Mila ya sake komowa Girku.

Shekara ta gaba aka yi yaƙin da kakanninmu suka gani da idonsu. Rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, nan maƙwabtanmu, ran 1 ga Fabrairu 1903, ta ci Kano ran 3 ga wata. Sakkwato ta bi baya a watan Maris, aka ƙarasa a Burmi a watan Yuli. Sarki Alu, wanda ya kori su Mila shekara uku baya, shi ma aka raba shi da garinsa, ya ƙare kwanakinsa a Lokoja a 1926. Dole mu faɗi gaskiya a nan: Mila yana cikin 'yan mishan da suka yi maraba da cin ƙasar. Ya ga kufan garuruwan da masu kamun bayi suka shafe, ya ɗauka bindigar Ingila za ta kawo ƙarshen wannan, ta kuma buɗe wa bishara ƙofa. Na farkon ya samu sannu a hankali. Na biyun kuwa sai ya zama akasi. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka mai da alkawarin nan katanga, suka hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi sai da izini mai wuyar samu. Ƙofar da Alu ya rufe da baki, 'yan'uwan Mila Turawa suka sa mata kwaɗo har wajen shekara talatin. Wanda ya jingina aikin Allah a jikin hukuma, ga abin da yakan samu.

Zariya kaɗai ta zama dabam. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Mila ya sami wuri a cikin birni, a Durumin Maigarke. Sauran Turawa suna can bayan gari kusa da bariki, shi yana tsakiyar mutane, cikin gidan ƙasa, yana jin kiran salla sau biyar kowace rana, yakan sa riga da rawani irin na ƙasar, abin da bai gamshi joji-joji ba. Bai yi aure ba har ya mutu, kun kuwa san yadda ake duban tuzuru a ƙasar Hausa. Ya buɗe ɗakin magani, ya tara yara a gidansa yana koya musu karatu. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka tashi da sunan Mahadi, suka kashe Turawa da sojojinsu, hankalin kowane Bature a Arewa ya tashi. Ramuwar da aka yi a wata na gaba ta fi ɓarnar muni nesa ba kusa ba, aka karkashe jama'a masu yawan gaske, aka shafe garin daga doron ƙasa. Cikin irin wannan zamani ne mutumin nan yake kwana a birnin Musulmi ba dogari ba soja, gari ya waye ya tara yaransa su yi sujada. Cikin ayyukansa na fari har da juya addu'ar safe da ta yamma ta Anglika zuwa Hausa, domin 'yan tsirarun nan su sami bakin da za su yi magana da Allah tare.

Ya so ƙwarai a ba shi dama ya buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, a koyar da Hausa da rubutun boko. Lugga ya saurare shi, amma da ya bar ƙasar maganar ta mutu. Makarantar gwamnati da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, Hanns Vischer aka ba, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma da aikin CMS ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Wani abokin aikin Mila na kwanakin fari, Bargery, shi ma ya koma can, shi ne mai babban ƙamus na Hausa da ya fito a 1934. Mila ya ci gaba da 'yar makarantarsa. Shekaru suna wucewa, waɗanda aka yi wa baftisma ba su taka kara sun karya ba.

Sai a 1913 wani abu ya faru wanda har yau in muka karanta shi tsigar jikinmu takan tashi. Waɗansu mutane suka zo wurinsa a Zariya suna neman a gaya musu labarin Isa. Ba wanda ya yi musu wa'azi, ba su taɓa shiga majami'a ba. Asalinsu kuwa daga nan Kano ne. Zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, tun babu ɗan mishan ko ɗaya a ƙasar, an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya lura da irin girman da aka ba Annabi Isa ɗan Maryamu, abin ya kama zuciyarsa, ya shiga koya wa almajiransa. Magana ta kai fada. Aka neme shi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa a gaban jama'a. Almajiransa suka watse zuwa iyakar Kano da Zazzau da Bauci da duwatsun Ningi, ana kiransu Isawa, suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu, suna sauraron ranar da waɗansu za su zo da cikakken labarin Isa. Suka mutu, 'ya'yansu suka gāji jiran.

Muna roƙon matasanmu su karanta wannan sakin layi sau biyu. Sau da yawa akan ce muku ku baƙi ne a ƙasar Kano, addininku kayan Bature ne. Tun ba a haifi mishan ɗin da ya kawo mu ba, Bakano ya ba da ransa a kasuwar birni saboda sunan Isa. Ba mu ce Malam Ibrahim ya san dukan abin da muka sani ba, ba kuwa dukan Isawa ne suka zama masu bi ba, da yawa sun tsaya a kan tasu hanya. Amma ƙishin nan daga cikin ƙasa ya ɓuɓɓugo, ba a jirgin ruwa aka kawo shi ba.

Waɗanda suka karɓi bishara daga cikinsu aka tara su a Gimi ta ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauyen masu bi, da gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Mai kula da su shi ne Rabaran Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Bayan shekara goma sha uku na shuka a kan fako, ga amsar addu'a ta zo da ƙafarta. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya shiga garin. Cikin 'yan shekaru ya kwashe yawancin jama'ar, waɗanda suka ragu suka watse, Gimi ta masu bi ta zama kufai. A ganinmu wannan gwaji ya fi korar Kano zafi. Maƙiyi in ya tsananta maka, ka san inda za ka sa kukanka. Amma a ce abin da ka roƙa an ba ka, sa'an nan ka haƙa masa kabari da hannunka, kai kuwa likita ne, wannan sai wanda ya taɓa binne ɗan da ya daɗe yana roƙo zai gane. Abin da Mila ya yi shi ne, ya kwashi marayun Gimi ya kai su makarantarsa a Zariya, ya ci da su, ya koya musu.

Ba za mu shafa masa mai a inda ba shi da kyau ba. Mila mutum ne mai kaifin harshe, mai wuyar sha'ani, ba ya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru, ba ya kuma saurin yarda cewa shi ne ya yi kuskure. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu ɗan Sidi wurin Turawa a kan zaluntar talakawa, wato sarkin da a zamaninsa ya sami masauki a birni, ƙararrakin nan kuwa suna cikin abin da ya kai ga tuɓe sarkin a 1920 aka kai shi Lokoja. Ko da akwai gaskiya cikin abin da ya faɗa, tun daga ranar fadar Zazzau ta daina dubansa a matsayin malami, ta koma dubansa a matsayin mai tuɓe rawani, 'yan tsirarun masu bi na birni kuwa su suka sha ɗacin abin. 'Yar'uwarsa Ethel, wadda ita ma ta ba da ranta ga ƙasar nan, ta buga wata 'yar takarda cikin shekarun 1920 wadda ta taɓa mutuncin Annabin Musulmi. Ba ta jawo ko mutum ɗaya ga Kristi da ita ba, sai ɓacin rai da ƙarin matsi a kan dukan mishan. Mu da muke zaune gida ɗaya da Musulmi, waɗansunsu kawunanmu ne da gwaggwanninmu, mun san abin da irin wannan takarda take jawowa.

Matsi ya yi ta ƙaruwa har a 1929 mishan ya fita daga birnin Zariya ya koma Wusasa, gindin dutse, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, da makaranta, da asibiti. Sabbin ma'aikata matasa sun ga alheri a ƙaurar. Mila bai so ba ko kaɗan, a wurinsa ja da baya ne daga wurin da ya riƙe shekara ashirin da huɗu. Sai ya tattara takardunsa ya nufo Kano. Shekara talatin bayan an ba shi kwanaki ya bar gari, ya komo ya zauna a wajen ganuwa, ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi gaɓa gaɓa, wato juya dukan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

Ba shi ya fara ba. Tun cikin ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön ya juya Sabon Alkawari a can Ingila, da taimakon Dorugu, yaron da matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai. Ba kuwa shi kaɗai ya gama ba, akwai kwamiti na mishan dabam dabam, Likita Stirrett namu yana ciki, akwai kuma malamai Hausawa da suka zauna da shi suna auna kowace kalma, waɗanda ladansu yana wurin Allah. Amma nauyin aikin a wuyan Mila yake. A shekara ta 1932 littafin ya fito cikakke, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Ku lura da hikimar da aka yi. Ba a ƙago wa Mahalicci sabon suna ba, aka kira shi Allah da Ubangiji yadda kowane Bahaushe yake kiransa. Aka ɗauki addu'a, da sujada, da alheri, da tuba, da gafara, kalmomin da mutane suka riga suka sani, aka zuba bishara a ciki. In kun ji wata kaka a Zumuntar Mata tana cewa ƙamna maimakon ƙauna, ko zamna maimakon zauna, kada ku yi dariya, Hausar littafin nan ce take yi. Sabuwar fassara ta 1979 ta fi sauƙi ga yaran yanzu, muna kuwa gode wa Allah dominta, amma ayoyin da iyayenmu suka haddace na tsohuwar ne.

Daga 'yar makarantar nan da aka rena, da Wusasa da ta gāje ta, mutane suka fito waɗanda Arewa duka ta ci moriyarsu. Likita Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, asibitin Kaduna kuma yake ɗauke da sunansa. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawan nan da aka tsananta, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, ko da yake a lokacin Mila ya riga ya bar wurin.

To, ina ruwan Garun Malam da wannan duka? Ekklesiyarmu ta tsiro ne jim kaɗan bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sa'ad da aka soma jan ruwa ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Waɗanda suka fara taruwa a ƙarƙashin rumfar kara, waɗansu ma'aikatan aikin ruwa ne da leburori daga kudancin Zariya da Filato, waɗansu 'yan ƙasa ne daga gidajen Maguzawa, waɗanda bishara ta iske iyayensu bayan an sassauta wa mishan cikin shekarun 1930. Kowa da yarensa na gida. Abin da ya haɗa su baki ɗaya shi ne Hausa, da littafin nan mai baƙin bango.

Da shi kuma muka ƙetare kwanakin tsoro. Mun ga rikicin Maitatsine a Disamba 1980, wanda yawancin waɗanda ya ci Musulmi ne. Mun ga ƙone majami'u a Kano a 1982, da tashin hankalin Mayu 2004, da bama-baman 20 ga Janairu 2012, da harbin masu sujada a Jami'ar Bayero a watan Afrilu na shekarar. Amma daren da ba ya fita ranmu shi ne na Oktoba 1991, lokacin rikicin zuwan mai wa'azin nan Bonnke, muna ƙaramin fasto a nan. Mutane suna ta kwararowa daga birni ta hanyar Zariya, waɗansu a bayan motocin kaya waɗansu a ƙafa, ɗakin sujada ya cika da mata da yara. Samarinmu suka taru a bayan ɗaki da adduna da gora, waɗansunsu ba su san halin da 'yan'uwansu suke ciki a Sabon Gari ba. Mun yi musu magana, ba su ji ba, mu ma kanmu muryarmu rawa take yi. Sai wata uwa daga cikin waɗanda suka kafa ekklesiyar nan, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta durƙusa a bakin ƙofa ta soma karanta Zabura ta 46 da ka, da tsohuwar Hausar nan, ta gama ta shiga ta 91, ta koma ta farko. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka shigo suka zauna. Aka kwana ana addu'a, ana ambaton waɗanda suke birni da sunayensu, har da masu ɗauke da makamai a can. Da asuba maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke karɓa-karɓar ruwan kanal da su, muke kai tumatir Kwanar Gafan tare, suka zo da bokitan koko, mai unguwa ya sa tabarmarsa a ƙofar majami'a ya zauna har rana ta take. Ba ko'ina abin ya ƙare haka ba. Akwai waɗanda suke zaune cikinmu a bikin nan da ba su sake ganin nasu ba tun daga makon nan.

Mila ya ajiye aikin CMS a 1935 ya koma Ingila, amma zama ya gagare shi a ƙasar haihuwarsa. A 1939 ya komo Nijeriya, ba a ƙarƙashin kowane mishan ba, daga baya ya zauna a Bukuru kusa da Jos. Tsufa bai dushe masa harshe ba. A 1947 ya fitar da littafi da Turanci yana tuhumar 'yan'uwansa Turawa ko ba su kāsa ba a Nijeriya, yana sūkar yadda suka jingina da sarakuna suka bar talakan Arewa ba ilimi. Ya rasu a 1952 yana da shekara tamanin, saura shekara takwas ƙasar ta sami mulkin kai, aka binne shi a can ƙasar Jos.

Uwar nan da muka ambata ta riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yanta sun ba ekklesiya aron Littafinta, na tsohuwar fassara, bangonsa ɗinke da zaren buhu, wanda takan ba jikoki su karanta mata. Daga cikinsa za a yi karatu na fari a sujadar godiya ranar Lahadi. Kwamiti yana roƙon duk wanda yake da irinsa a gida ya zo da shi, za a shirya tebur a gaban bagadi inda za a jera su.